Sunan da Baffa Ya Ƙi Faɗa

Talata, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Sun tafi da Baffa, mahaifina.

Ina tsakiyar aji, alli a hannu, Tala ƙanena ya kira ni daga ruga, can bayan Gangara. Rabi Hausa rabi Fillanci yake yi, numfashi na sarƙe masa. Jandarma ne, da hantsi. Sun tarar da tsoho a tsugune yana cire wa maraƙi kaska, suka ce ya tashi, ya tashi. Ko malafarsa ba su bari ya ɗauka ba. Suka ware jajayen shanun nan da aka kai masa kiwo bara, suka sa aka kora su.

Na san shanun. Na kuma san wanda ya kai su.

Baban Farida, mai gidana, ya bar gidan nan tun ranar Lahadi. Ya ce zai ƙetara iyaka, kwana biyu ya dawo. Yau na duba, har takalman sallarsa babu. Wayarsa a kashe.

Littafin shirya darasi ne wannan, na juya shi ta baya. In ban zuba abin da ke cikina a wani wuri ba, wallahi 'ya'yan mutane zan jibga gobe a lakol, makarantarmu, ba su ji ba ba su gani ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da magariba

Mun je birni ni da Goggo Habsatu. Ƙanwar Baffa ce, ita ta yaye ni ta riƙe ni nan Cadawa, ita ta sa ni lakol. Ni ce ta fari a wurin Baffa, kuma a wajenmu uba ba ya riƙon ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Tun da nake ban taɓa jin "Zulai" a bakinsa ba. "Yarinyar nan" nake, ko "ta wajen Habsatu". Ban taɓa jin haushin haka ba, haka na taso na gani.

Mun ɗauki lauya, Metir Sufyanu, wani siriri mai yawan goge tabarau. Ya ce sunan laifin halatta kuɗin haram. Wai da katin ɗan ƙasa na Baffa aka riƙa karɓar kuɗi a wurin masu aika kuɗi, da sunansa aka sayi shanu a kasuwar Gidan Rumji, a sayar, a sake saye, har kuɗin su fito fes kamar na gumi. Na ce kuɗin daga ina? Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Madam, daga inda ba ki son ji." Ban ƙara tambaya ba.

Baffa fa! Mutumin da in an kara masa waya a kunne sai ya janye kai kamar an kawo masa garwashi. Katin nan bara aka karɓe shi, wai za a yi wa garke rajistar allura. A tsakar gidan nan aka karɓa.

A mota Goggo ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Ta faɗa tana kallon taga. Ni ma na kalli tawa tagar.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan azahar

Gidan kaso. Layi tun safe, rana tana dukan tsakar kai. Tala ya aiko da kindirmo daga ruga, Goggo ta rungumo ƙwaryar tun daga tasha kamar jariri. Mai tsaron ƙofa ya zaro wani tsinken ƙarfe, wanda yanzun nan ya gama tsoma shi a miyar wata mata, ya juya mana nono da shi. Na ce, "Malam, ko ɗauraye shi ba za ka yi ba?" Ya ce in ba na so in koma da abina. Tir!

Aka fito da shi. Ko mako bai cika ba, riga ta yi masa yawa. Ya gaisa da Goggo, ya shiga tambayar shanu, wadda ke da ciki, wadda ke ɗingishi, ko Tala na tashi kai su rijiya da wuri. Ni ina tsaye kamar turmi. Da za a mayar da shi ya ce wa Goggo, "Ki ce wa yarinyar nan ta koma wurin aikinta, kada a kore ta."

In na miƙa hannu zan taɓa shi, amma aike ake yi mini.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan la'asar

Metir ya kira. Ya ce za mu nemi sakin talala, wato a bar shi ya zauna waje har ranar shari'a, wadda ba wanda ya san ranarta, ko bana ko baɗi. Amma sai alƙali mai bincike ya yarda ba zai gudu ba. Wai matsalar ita ce ba shi da adireshi. Makiyayi ne, yau yana Gangara, damina ta faɗi ya yi arewa.

Na ce, "Metir, ka shiga kasuwar Gangara ka ce Jaye mai farin gemu, mai tallar gyaɗa ma za ta nuna maka inda ya kwana jiya. Tsohon da gwiwa ke ci, ina zai gudu ya bar shanunsa?"

Ya ce, "Takarda ba ta san haka ba. Ana son gida mai ƙofa, da wani mai aikin gwamnati da zai tsaya masa."

To, ga ni. Gidan nan da sunana aka kama haya, ni ke biya, ƙofa kuwa har biyu gare shi. Na ce ya rubuta ni.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da safe

Wayarsa a kashe. Farida ta ce yaushe babanta zai dawo, na ce ta je ta wanke fuska.

Talata, 22 ga Afrilu, da magariba

Dole in rubuta wannan.

An shigar da mu buro, wato ofishin alƙali mai bincike. Sanyin na'ura, tebur mai gilashi, magatakarda yana buga injin rubutu, ga tafinta a gefe, wani saurayi ɗan birni. Aka kawo Baffa aka zaunar da shi a kujera, ya ɗosana a bakinta kamar mai jiran a kore shi. Metir ya yi bayaninsa da Faransanci, ya miƙa takardun aikina da na haya. Na ji daɗi a raina, na ce an gama.

Alƙali ya nuna ni da biro ya ce a tambayi tsoho, wannan matar wace ce a wurinsa?

Baffa ya kalli ƙasa. Ya ce, "Ta wajen Habsatu ce."

"Ɗiyarka ce?"

"Habsatu ta riƙe ta."

"Yaya sunanta?"

Shiru. Har na ji ƙarar na'urar sanyi.

Na miƙe na ce da Faransanci, "Ranka ya daɗe, ni ce ɗiyarsa ta fari, kunya ce, al'ada ce." Ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni aka tambaya ba. Na juya wajen tafinta na ce, "Kai ba ka da yaya a gidanku? Uwarka tana kiran sunansa?" Ya sunkuyar da kai ya ce shi abin da aka faɗa yake juyawa.

Sai alƙali ya yi ɗaya tambayar. Wa ya kawo maka jajayen shanun, wa ya karɓi katinka? Baffa ya ce, "Wani yaro ne." Sunansa? Shiru. Garinsu? Shiru.

Alƙali ya rufe takardu. Ya ce mutumin da bai san sunan mai tsaya masa ba, kuma yana ɓoye wanda suka yi aikin tare, in aka sake shi zai je su haɗa baki. An ƙi.

Shi wannan alƙalin daga sama ya faɗo? Ba mace ta haife shi ba? A ƙasar nan ya girma, ya san abin da ake kira kunya, amma da ya zauna bayan gilashi sai ya zama baƙo. Allah wadai!

Shi ma Baffa ina jin haushinsa. Kalma ɗaya. Kalma ɗaya tak, tsoho, da yanzu kana shan iska a ƙofar gidana.

Ɗaya tambayar kuwa, ni ma ina ɗakin lokacin da aka yi ta, kuma na san amsarta.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da azahar

Ikon Allah. Wani Alhaji mai gidajen mai da aka kama a kan wannan magana ɗaya, an yi masa sakin talala jiya. Wai hawan jini. Metir ya ce shi ya ajiye kuɗin beli, yana da gidaje, yana da likitan da ya rubuta masa takarda. Na ce to Baffa jinin nasa ruwan rijiya ne, ba ya hawa?

Wanda ke da mota huɗu da fasfo ba zai gudu ba. Mai sanda da ciwon gwiwa shi ne zai gudu.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan la'asar

Surukata Hajiya Hadiza ta zo daga Tibiri, da ƙullin dabino wa Farida. Na shimfiɗa mata tabarma, na durƙusa, na kawo ruwa. Ba ta ce yaya jikin tsoho ba. Ba ta ce Allah ya fid da shi ba.

Ta ce, "Ɗiyata, mu gidanmu tun kaka da kakanni muna Tibiri, ba a taɓa jin sunanmu bakin alƙali ba. Abin da ya hwaru ya hwaru. Mace ta gari rihin asirin mijinta taka yi."

Na ce, "Hajiya, ubana ne a ciki."

Ta ce, "Ai tsoho na, ba su riƙe shi da daɗewa. Kuma su mutanen daji sun saba da wahala, ba kamar namu ba da sunka tashi cikin inuwa."

Wallahi sai da na danne harshena da haƙori. Mutanen daji! Lokacin da ake neman inda za a ɓoye shanu ba daji ba ne, gidan suruki ne, har da goro da sukari ake zuwa. Lokacin da Baffa yake kwana a tsaye saboda ɓarayi, yana ba jajayen nan dusa da tasa guntuwar wadata, bai karɓi ko sisi ba don na mijin ɗiyarsa ne, a lokacin mutum ne.

Na raka ta tasha, na ce ta gai da gida. Na dawo na zuba wa awaki dabinon.

Laraba, 30 ga Afrilu, da hantsi

Saƙon murya ya shigo daga wata lamba ta ƙetare. Muryar baban Farida ce, a kwantar, kamar mai tambayar ko an gama tuwo.

"Ki yi haƙuri, ina kan gyara abin. Na yi magana da manya. Kada ki buɗe baki, in kin buɗe har ke za a haɗa, ki tuna da Farida. Tsoho ya fi ki hankali, ki yi koyi da shi."

Na saurara, na sake saurara. Bai ce yaya Baffa yake ba, shi ma. Ashe abin a jini yake.

Na shiga aji na koyar da lissafin rabawa. Ban san abin da na rubuta a allo ba.

Asabar, 3 ga Mayu, da magariba

Ƙafafun Baffa sun kumbura, takalmi ba ya shiga, a hannu ya riƙo su. Yana tari. Mutumin da bai taɓa kwana ƙarƙashin kwano ba, an cusa shi ɗaki ɗaya da mutane kamar buhunan gero, cikin wannan zafi na bazara. Wani da suke tare ya raɗa wa Goggo cewa ba ya cin garin da ake dama musu, sai ranar da muka kawo nono, shi ma rabawa yake.

Yau Goggo ta fashe. Da Fillanci ta yi, don masu gadi kada su ji.

"Jaye, so kake ka mutu a nan? Ka faɗi sunan yaron nan mana! Shi yana can yana cin nama, kai kana ruɓewa."

Baffa ya ce, idonsa a kan ƙafarsa, "Habsatu, da wane baki? In na kai mijinta gaban hukuma, ita ina za ta zauna? A ce ubanta ya kashe mata aure? Ban riƙe ta ba, ban goya ta ba, ban taɓa saya mata ko zane ba. Wannan kaɗai nake iya yi mata. Ki bar ni in yi."

Ya ɗauka ban iya Fillanci sosai ba, tunda a gari na tashi. Na iya.

Na fita na tsaya bayan katanga na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Sannan haushi ya taso mini, wanda ya fi na alƙali, ya fi na Hajiya. Wa ya roƙe shi? Wa ya ce masa auren nan ya kai ƙafarsa ɗaya daraja?

Litinin, 5 ga Mayu, da safe

Hadari ya haɗu gabas jiya, ya watse. Tala ya ce shanu suna ta kallon arewa.

Alhamis, 8 ga Mayu, bayan la'asar

Na je buron Metir ni kaɗai. Na ce, in aka sami wanda ya san mai jajayen shanun, ya san lambar da yake kira da ita, ya san ranar da aka karɓi katin, me zai faru?

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Madam, na daɗe da sanin akwai wannan mutumin, jira nake ya zo da ƙafarsa." Ya ce zai sake shigar da neman sakin, kuma in alƙali ya sami wanda yake nema, dalilin riƙe tsoho ya ragu. Amma bai yi mini alkawari ba. Ya ce za a tambaye ni me ya sa na yi shiru tun farko, za a karɓi wayata, ana iya tsare ni, ana iya rubuta wa masu lakol. Ya ce in je in yi shawara.

Da wa? Goggo ta ce ita ba ta cewa in yi, ba ta cewa in bari, amma gobe za ta ɗauki Farida ta kwana biyu a wurinta. Ai ta faɗa ke nan.

Shekara da shekaru ban taɓa kiran sunansa ba. Baban Farida, Malam, mai gidan. Ko a littafin nan da ba mai gani hannuna ya ƙi rubuta shi. Ina zagin tsoho a kan kunya, ashe ƙwarya ce ta bi ƙwarya.

Lahadi, 11 ga Mayu, da azahar

Ban je gidan kaso ba yau. In ya gan ni zai gane, ko da ba ya kallona.

Talata, 13 ga Mayu, bayan isha'i

Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Buro ɗaya, sanyi ɗaya, tafinta ɗaya. Mutum biyu suka riƙo Baffa. Alƙali ya sake tambayarsa wa ya kawo shanun, ya sake cewa wani yaro ne. Sai Metir ya ce akwai mai shaida. Alƙali ya dube ni ya ce, "Madam, muna jin ki."

Na tashi. Na ce, "Sunana Zulai Jaye, wannan ubana ne, ni ce ta fari, shi ya sa ba zai faɗa ba ko za ku yanka shi. Wanda ya karɓi katinsa ya kai masa shanu mijina ne. Sunansa Ridwanu Nomau, ɗan Tibiri."

Da Hausa na faɗa, don tsoho ya ji daga bakina, ba daga bakin tafinta ba. Baffa ya ɗaga hannu kamar mai tare maraƙi zai faɗa rijiya, ya ce, "Kai, kai, kai." Sannan ya ja wuyan rigarsa ya rufe fuska.

Aka fita da shi, aka bar ni. Tun hantsi har bayan la'asar ana juya ni kamar waina. Yaushe kika sani, me kika ci a ciki, wa ya saya miki wannan zoben. Na ce albashina. Sun karɓe wayata da saƙon da ke ciki. Alƙali ya ce me ya sa sai yau? Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya hana tsoho shi ya hana ni, kuma kai ma ka san sunan abin." Bai ce a rubuta wannan ba.

Sun bar ni na dawo gida, amma kada in yi nisa. Ridwanu. Ridwanu. Ga shi nan na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba.

Alhamis, 15 ga Mayu, da la'asar

Wani ƙanen Hajiya ya zo daga Tibiri a kan babur, ko sauka bai yi ba. Ya ce an ce a faɗa mini Ridwanu ya aiko, saki uku ne, kuma su ba su da suruka mai kai gidansu kotu. Na ce ya gai da su, ya yi hankali da ramin bakin lungu.

Ban yi kuka ba. Na wanke kwanuka, har waɗanda ba a ci komai a ciki ba.

Juma'a, 16 ga Mayu, da magariba

An saki Baffa. Ba wanke shi aka yi ba, talala ce: zai zauna gidana, ba zai bar Cadawa ba, kowace Litinin ya je jandarma ya dangwala yatsa. Shanu za su yi arewa da Tala ba da shi ba, karo na farko tun da aka haife shi. Jajayen suna hannun hukuma, can su ƙarata.

Ya ƙi shiga ɗaki. Goggo ta shimfiɗa masa tabarma a gindin itacen bedi, bayan zana, ta ɗora masa ƙafafu a kan buhu. Maƙwabciya ta aiko da madara yanzu aka tatso, na juye a ƙwarya na ba Goggo ta kai. Ina tsugune ta wannan gefen zanar, yana ta wancan. Ya riga ya ji labarin ɗan babur, garin nan ba a ɓoye komai.

Na ji ya ce, "Habsatu, ki ce wa yarinyar nan ban aike ta ba. Na so in ƙare a can, ita tana ɗakinta."

Na ce, "Goggo, ki ce masa miji ana sake wani. Ki tambaye shi a wace kasuwa ake sayar da uba."

Goggo ta ce, "Ni kun ishe ni, ku duka kuna da kunnuwa."

Farida ta zagaya ta zauna kusa da shi, ita jika ce, ba kunya tsakaninsu, tana ja masa gemu tana cewa ya yi wari. Na ce, "Goggo, ki ce masa ya sha kafin ta huce."

Ta tsakanin karan zanar na ga hannunsa ya ɗauki ƙwaryar. Ya sha rabi ya tsaya. Ya turo sauran ta ƙarƙashin zana, zuwa gefen da nake.